Faɗin Gida da Faɗin Aljihu

A Katsina, idan mutum ya kammala gini ko ya kama hayar gida mai faɗi, tambayoyin da ake yi masa sanannu ne. Nawa ka sayi filin? Buhun siminti nawa ya ci? Wa ya buga maka kwanon? In haya ce, nawa ne a shekara, nawa dillali ya karɓa na la'ada? Daga nan sai addu'a: Allah ya sa rai aka yi wa, Allah ya sa a shiga a sa'a. Da wuya ka ji wanda zai ce, "To Malam, nawa gidan nan zai riƙa ci a wata?" Ana gudun tambayar ne don kada a ce mutum yana baƙin ciki. Alhali garin da ya san hawan salla da wasan folo ya fi kowa sanin cewa sayen doki ba shi ne aiki ba. Harawa da dusa da kanwa da ɗan barga su ke nuna wanda ya isa ya ajiye doki. Gida ma haka yake, sai dai shi harawarsa wuta ce da ruwa da makamashin girki.

A kan wannan magidanta suka rabu biyu. Kashi na farko na cewa kada ka ɗaure kaya sai ka zauna da biro da takarda ka san abin da sabon gidan zai riƙa lashewa, in ya fi ƙarfinka ka haƙura da inda kake ko ka nemi madaidaici. Kashi na biyu na cewa wannan tsoro ne kawai. Iyali sun yi yawa, 'ya'ya sun girma, a shiga tukuna, wanda ya ba da gidan ba zai hana abin riƙe shi ba. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Masu lissafi sukan fara ne da irin gidan da ake komawa. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1987 Katsina ta zama hedikwata, garin ke ta tsallake ganuwa. Aka yanka filaye a wajen Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa, gwamnatoci suka gina rukunin gidaje irin na Goruba da Barhim, jama'a suka bazu Kwaɗo da Modoji da Tudun Matawalle, wasu har sun kusa haɗe gari da Batagarawa. Mai neman faɗi can yake nufa, don cikin birni babu sauran wuri. To amma ba faɗi kaɗai yake canzawa ba. Gidan gado na cikin birni, ko da an yi masa kwaskwarimar siminti, asalinsa bango ne mai kauri da rufin azara da zaure da tsakar gida. Bangon yana riƙe sanyin dare har rana ta take. In bazara ta tsananta a shimfiɗa tabarma a waje. Randa na sanyaya ruwa ba tare da ta nemi komai ba, makewayi kuma buta ɗaya ta ishe shi. Sabon gida kuwa bulo ne da kwano da silin da tagogin gilashi, kowane ɗaki da banɗakinsa, tsakar gida an malale ta da siminti ba ko bishiyar bedi ɗaya. An zana shi ne bisa zaton akwai wuta kuma famfo na zuba. Ranar da babu su, ba ya zaunuwa. Don haka, in ji masu lissafi, wanda ya tashi daga ɗaki uku ya koma ɗaki shida kada ya ɗauka ninka kuɗin hidima biyu zai yi. Zai fara biyan abubuwan da a da kyauta yake samunsu: iska, sanyi, inuwa.

Sai su zo kan wuta, kuma a nan hujjarsu ta fi kaifi. Ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. An ɗan sassauta daga baya, ya tsaya a naira 209.5 a watan Yuli na shekarar. Rukunin A su ne waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar aƙalla awa 20 a rana. Na B awa 16, na C 12, na D 8, na E kuma 4, su kuma a lokacin ba a taɓa farashinsu ba. Ba mutum ke zaɓar rukuninsa ba, layin da ya ratso unguwarsu ne ke zaɓa masa. Gida biyu masu fasali ɗaya, titi kawai ya raba su, ɗaya na iya biyan ninki uku na abin da ɗayan ke biya wa kamfanin wuta na KEDCO a kan yunit guda.

A ɗauki farashin nan na 209.5 a gwada. Fankar sama tana jan kimanin wat 70. In ta yi awa 12 a rana, a wata ta sha yunit 25, wato sama da naira 5,000. Fanka biyar sun kai naira 26,000. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan abin da ya ɗan haura wat 1,000. In ta yi awa takwas kowane dare injinta bai huta ba, za ta sha yunit wajen 260 a wata, kuɗin ya haura naira 54,000, ba a sa harajin kashi 7.5 cikin ɗari ba. Wannan ɗaki ɗaya ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ba a zo kan firiza ba, ba a zo kan dutsen guga ba, ba a zo kan hitar da yara ke tsomawa a bokiti da hunturu ba, wadda ita kaɗai tana jan abin da fanka goma sha biyar ke ja.

Wani zai ce to sai a nemi unguwar da ba ta rukunin A. Masu lissafi sai su yi dariya. Inda wuta ta wadata za ka biya kamfanin wuta, inda ba ta wadata ba za ka biya gidan mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Matsakaicin janareta da zai ɗauki fankoki da firij yana shan kusan lita ɗaya a awa. Awa huɗu kowane dare, daga magariba zuwa lokacin kwanciya, lita 120 ke nan a wata. Kowa ya buga da farashin gidan man unguwarsu ya gani. Shi ya sa injuna da yawa suka koma kwanciya a lungun tsakar gida an lulluɓe su da buhu, ba a tayar da su sai ranar suna ko in an yi baƙi.

Sola ita ce mafitar da kowa ke ambata, kuma rana dai Katsina ba ta rasa ta ba. Sai dai faranti da batir da inbata duk da dala ake shigo da su, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin kuma a dunƙule ake biyansa, daidai lokacin da gini ko kuɗin haya ya gama tatse mutum. Batir yana da shekarun da yake yi ya mutu, ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti in ba a gogewa. Masu lissafi ba su ƙi sola ba. Cewa suke a sa ta cikin kuɗin gidan tun farko, ko da za a fasa tayil ɗin falo ko adon silin. Ni ma a nan ina tare da su. Na sha shiga gidan da aka kashe wa ƙofar waje kuɗin da zai sayi faranti huɗu, masu gidan kuma suna fifita da maficin kaba.

Akwai kuma tarkon da mai kama haya ko mai sayen tsohon gida ke faɗawa: bashin wanda ya tashi. Gidan da ba mita ana kawo masa bil na ƙiyasi, kuma babban gida babban ƙiyasi ake yi masa. Ko da NERC ta ƙayyade iyakar irin wannan bil tun 2020, rigimarsa ba ta ƙare ba. Gidan da ke da mitar kati ma yana iya ɗauke da tsohon bashi da ake zaftarewa duk lokacin da aka sayi wuta, ka ba da dubu goma ka ga yunit ɗin dubu bakwai. Dillali ba zai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya rage wa kansa la'ada. Lambar mitar ake ɗauka a je ofis a bincika kafin a biya ko sisi.

Ruwa kuwa ya fi wuta tsanani, don ana kwana ba wuta, ba a wuni ba ruwa. Madatsar Ajiwa tun shekarun 1970 take shayar da garin, lokacin da mutanensa ba su kai rabin na yanzu ba. Madatsar Zobe da ke Dutsin-Ma an gama ta tun 1983, amma sai a Yulin 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin jawo ruwanta. Ko ruwan ya iso gari, sai inda bututu ya kai, sababbin unguwanni kuwa gini ke riga bututu isa. Abin da ya rage wa mai sabon gida biyu ne: ya haƙa burtsatse ko ya dogara da 'yan ga-ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 50 zuwa 100 a matsayin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana don sha da girki da wanka da wanki. A ɗauki mafi ƙaranci. Gida mai mutum 12 yana buƙatar lita 600, jarka 24 mai cin lita 25, kusan kura biyu kullum. Banɗakin zamani kuma duk dannawa ɗaya yana tafiya da lita shida zuwa tara. A gidan da ke da irinsa biyar da yara masu son jin ƙarar ruwa, wani kaso mai tsoka na abin da aka saya a rami yake ƙarewa, ramin kuma in ya cika sai an kira mota ta kwashe, ita ma da kuɗinta.

Burtsatse yana kashe wannan rigima, amma ya ɗaure ruwan gida da wuta. Injin sumo na jawo ruwan, mai doki ɗaya, ba ya cin wuta sosai, awa guda a rana bai wuce yunit 23 a wata ba. Matsalar ita ce ranar da ba wutar. An ga haka ƙarara a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Benuwai shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Tankuna suka bushe, masu sayar da ruwa suka koma tayar da inji da man dubu, jarka ta yi tsada, masu manyan gidaje suka fito da bokitai suna neman inda rijiyar guga ta rage.

Girki ba ya buƙatar dogon bayani. Kilon gas ya haura naira dubu a 2024, gidaje da yawa suka ajiye silinda don shayin safe suka koma gawayi da itace, su ma suka bi sahu suka hau. Abin lura kawai shi ne sabon gida mai kicin a cikin falo ba ya karɓar murhu. Wanda bai ware wa uwargida wurin hura wuta a waje ba ya ɗaure kansa da gas ko yana so ko ba ya so. Sai ƙananan da ba sa shiga takarda: kuɗin 'yan sintiri, na mai kwasar shara, karo-karon gyaran taransifoma wanda a ƙa'idar NERC ba haƙƙin jama'a ba ne amma ba mai son ya zama shi ne ya hana unguwa wuta, da kuɗin Napep ɗin kai yara makaranta da Islamiyya tunda yanzu ƙafa ba ta kai su.

Wannan duka hujjar ɓangare ɗaya ce. Masu cewa a shiga tukuna ba mutanen da ba su iya lissafi ba ne, cikinsu akwai 'yan kasuwar da suka fi kowa iya shi. Abin da suke cewa da farko shi ne akwai asarar da ba ta hawa takarda. Yaro da yarinya sun kai shekara goma, addini ya ce a raba musu makwanci, ina za a raba a ɗaki biyu? Samari sun koma kwana a shagon abokai, uba bai san da wa suke kwana ba, bai san abin da ake sha a can ba, kuma duk Bakatsine ya san abin da 'yan daban ƙauraye suka zama a wasu unguwanni. Mata biyu suna haɗa madafi ɗaya da igiyar shanya ɗaya, kullum maigida na zaman alƙalanci. Bazara ta zo mutum takwas a ɗaki ɗaya, lokacin da sanƙarau ya fi yaɗuwa a wannan yanki namu, cunkoso kuma shi ne abokin tafiyarsa. Suka ce a kawo mai biro ya rubuta musu farashin ɗa ɗaya da ya lalace.

Hujjarsu ta biyu ta fi ciwo, don da makamin masu lissafi suke yaƙarsu. Suka ce wane kasafi? Wanda ya zauna a Afrilun 2023 ya rubuta fetur naira 195, wuta naira 60 da 'yan kai, me takardarsa ta amfana masa bayan shekara guda? Hauhawar farashi a ƙididdigar gwamnati ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Wa ya sa duhun Oktoba a kasafinsa? Mu da muka ga an kafa injinan iska a Lambar Rimi aka ce za su ba da megawat 10, aka yi shekaru ana kallonsu daga titi, mu za a ce mu tsara rayuwa bisa alƙawarin awa 20? Kuma jiran ma ba kyauta ba ne. Wanda ya dakatar da gini don ya tara kuɗin sola ya wayi gari a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Wanda ya ce bari ya ƙara shekara a gidan haya, mai gida ya ƙara masa kuɗi. A ƙasar da kuɗi ke narkewa a hannu, in ji su, wanda ya yi sauri ya mayar da nasa bulo shi ne mai wayo.

Ta uku kuma ita ce taro yana rage tsada. 'Yan'uwa uku a gidajen haya uku suna biyan mita uku, firij uku, tukunya uku, ga-ruwa uku. In suka haɗu a babban gida ɗaya, burtsatse ɗaya ya ishe su, tukunyar mutum ashirin ba ta cin gawayin tukwane uku na mutum bakwai-bakwai. Babban gida kuma yana iya nemo abincinsa: a fitar da shago biyu ta waje, a sa famfo a bango 'yan ga-ruwa su riƙa saye, uwargida ta ƙulla ƙanƙara da zoɓo, wanda duk ya yi azumi a bazarar Katsina ya san darajar ƙanƙara bayan la'asar.

Na auna duka biyun, kuma ga inda na tsaya. Masu cewa a shiga sun yi gaskiya cewa kasafin da aka rubuta da naira ba ya daɗewa. Inda suka kauce shi ne da suka ɗauka wannan ya rushe lissafi gaba ɗaya. Farashin yunit yana canzawa, amma abin da fanka ke sha a awa bai canza ba tun da aka ƙera ta. Jarka tana hawa tana sauka, amma litar da mutum goma sha biyu ke buƙata tana nan. Lissafin da ya dace da mu shi ne na yunit da lita da kilo: gidan nan zai sha yunit kaza, lita kaza ta ruwa, lita kaza ta mai, kilo kaza na gas ko buhu kaza na gawayi. Wanda ya san waɗannan, duk ranar da aka wayi gari da sabon farashi minti biyar sun ishe shi ya san inda yake, ya kuma san abin da zai fara kashewa. Wanda bai sani ba sai dai ya riƙa yi wa yara tsawa su kashe ƙwan fitila mai wat tara, alhali hita na tafasa a banɗaki. Batun tawakkali kuwa, malamai ba su taɓa cewa ya hana riƙo da sababi ba.

Kuma da watan Afrilu ake yin lissafin, ba da Disamba ba. Mutane da yawa suna tarewa ne bayan damina ko da hunturu, lokacin da fanka ke hutawa, rijiyoyi na da ruwa, sai su ɗauka haka gidan yake. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, komai ke taruwa lokaci ɗaya: wuta ta yi ƙaranci don kowa na ja, ruwan ƙasa ya ja baya, wanka ya koma sau uku. Wanda zai duba gida ya je da azahar, ya tsaya cikin ɗakin da ke kallon yamma na minti goma. Ya bar dillali a mota ya tambayi mai shagon kusa awa nawa suke samun wuta, ya tambayi ɗan ga-ruwa daga ina yake turo kura, ya tambayi maƙwabci zurfin da ya haƙa kafin ya tarar da ruwa.

Su ma masu lissafi suna da inda suka zarce. Suna magana kamar kowane ɗaki da bakinsa yake zuwa. Ɗakin da aka rufe ba ya cin komai. Ana iya shiga gida mai ɗaki shida a sa fanka a uku, a bar banɗaki biyu a kulle, a dasa bedi ko mangwaro a tsakar gida tun ranar tarewa, a ajiye randa a inuwa ba tare da jin kunya ba. Abin da ke karya mutane ba faɗin gidan ba ne, ɗaukar da suke yi cewa babban gida sai da rayuwar manya. Wanda ya tsaya jiran sai ya iya kunna komai lokaci ɗaya, 'ya'yansa za su yi aure a gidan haya.

Wani abu kuma da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai wajen mantawa: duk muhawarar a majalisar maza ake yin ta, alhali alƙaluman suna cikin gida. Maigida ya san kuɗin da ya bayar, uwargida ce ta san jarka nawa ake juyewa ranar wanki, kwana nawa silinda ke yi, wane yaro ke barin famfo a buɗe. In ka ce mata, "Hajiya, ruwa nawa muke sha a rana?" ba za ta nemi biro ba. Ita ce kuma za ta ɗauki nauyin kuskuren in an yi shi, don in gas ya gagara ita ke komawa bakin murhu, in tanki ya bushe 'ya'yanta ke fita da bokiti. Kasafin da aka yi ba da ita ba rabinsa zato ne.

Sai batun wa zai biya, wanda ya raba zumunci fiye da yadda ake faɗa. Hujjar nan ta cewa taro yana rage tsada gaskiya ce, amma sai in an yi maganar kuɗi tun kafin a tare. Wa da ƙane a mita ɗaya, ɗaya na da na'urar sanyaya ɗaki da firiza, ɗaya fanka biyu kawai gare shi, a ce a raba kati daidai. Ƙanen ba zai iya cewa, "Yaya, kai ka fi sha," ba. Zai yi shiru, matarsa ba za ta yi ba. Wasu dattawa na ganin sa wa kowane sashe mitarsa kamar raba kan gida ne. Ni ina ganin akasin haka. Ƙaramar mitar da ake sawa a sashe ba ta kai kuɗin katin wata biyu ba, kuma tana ɗauke zargi daga kan mutane ta mayar kan lamba. Mai mata biyu ma ya sani cewa adalcin da ake tambayarsa bai tsaya a kwana da cefane ba. In ya sa sola a ɗakin amarya ya bar uwargida da fitilar caji, ya buɗe shari'ar da ba ta ƙarewa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda masu biro ba su cika sawa ba, masu cewa a shiga kuma ba su cika faɗa ba, ko da yake kowa ya san shi. A Katsinar yau babban gida ba ya zama da yawan mutanen da aka gina shi dominsu. Shekarun nan na 'yan bindiga sun turo jama'a daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara zuwa cikin gari, kuma mafi yawansu ba sansani suke nufa ba, gidan dangi suke nufa. Ga ɗan ƙane da ya sami gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko kwalejin Hassan Usman, ga gwaggo da aka kawo asibiti aka ce ta riƙa dawowa duk mako biyu. Mai ɗaki biyu yana da uzurin da kowa zai karɓa. Mai ɗaki shida ba shi da shi, kuma bai kamata ya neme shi ba. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake ganin wanda Allah ya hore wa ya faɗaɗa. Sai dai ya sa su a lissafi tun yanzu, musamman wajen girman tanki da yawan faranti, don su ne masu wuyar canzawa daga baya. Ƙarin mutum biyar a mafi ƙarancin ma'auni lita 250 ce a rana, jarka goma, wato jarka 300 a wata, a farashin da ɗan ga-ruwan unguwar ke sayarwa cikin Afrilu.